Gudummawar Gara

Kwamitin bikin littattafanmu, wanda ba don riba muke shirya shi ba, ya ɗora mini aiki biyu, wai ni ne mai baki: roƙon kuɗi da tara littattafan kyauta. Muka tsayar da 23 ga Afrilu, ranar da UNESCO ta ware wa littafi tun 1995, don wasiƙar roƙonmu ta yi kwarjini.

Zancen kuɗi ba shi da tsawo. Duk mai halin da na je wa sai ya karanta wasiƙar tsaf, ya jinjina kai, ya ce, "Ai ilimi shi ne komai, Malam. Ka leƙo ƙarshen wata." Muka buɗe shafin neman taimako a intanet, masu yabo da addu'a suka cika shi maƙil, asusun kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Littattafai ne suka zo da albarka har ta yi yawa. Sanarwarmu cewa ta yi "kowane irin littafi", jama'a kuma suka riƙe mu da maganarmu. Da yake ƙungiyar ba ta da ofis, falona ya koma sito. Kwalin farko, littafin taswirar duniya ne da Tarayyar Sobiyet zaune daram, ita da ta wargaje tun 1991, ga Jamus kashi biyu. Na gaba, littafin kimiyya da ya dage duniyoyi tara ne, bai ji labarin an sauke Pluto daga jerinsu a 2006 ba. Sai jagorar tsohuwar manhajar kwamfuta Windows 95, sai kundin lambobin wayar tarho na wani dattijo, wanda ya ce in kula da shi sosai. Wata Hajiya ta aiko da ƙamus mai juzu'i-juzu'i, ya tsaya a harafin K.

"Hajiya, ina sauran?"

"Ɗana, gara ta riga ka."

Ashe garar ma tana cikin kwalin, gudummawa ce ita ma. Kafin in farga ta yi ƙaura zuwa kantar littattafaina, kuma ta san abu mai kyau, don ko kallon Windows 95 ba ta yi ba. Uwargida ta ce in zaɓa, ko kwalaye ko zaman lafiya.

Muka kwana muna tankaɗe da rairaya. Masu kyau, galibi littattafan yara da na labarai, suka cika 'yan tebura. Ragowar muka kira mai sayen tsoffin takardu, ya zo da sikelinsa ya auna kilo-kilo, ya biya nan take, babu batun ƙarshen wata. Da kuɗinsa muka yi hayar kujeru da lasifika. A rahoton ma'aji, shi ne babban mai tallafa wa bikin, har aka yi gardamar ko a sa sunansa a allon godiya.

Ranar biki sai ga dattijon nan yana bin tebura ɗaya bayan ɗaya, ya tare ni.

"Malam, ban ga kundina ba."

"Ranka ya daɗe, ai shi aka fara saye."

Fuskarsa ta cika da fara'a. Ya ce akwai wasu kwalaye uku a gidan ƙanensa, kuma tunda ya san gidana, ba sai na wahala na zo ɗauka ba.