Ya ce mota za ta kai mu har ƙofa

Ni ba ni da rigima da Salahuddin Al-Ayyubi, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ya fara gina ganuwarsa, wadda ake kira Ƙal'a, a 1176 a kan tudun da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam don ya tsare Alƙahira daga mayaƙa, ai da gangan ya sa hawan ya yi wuya. So yake duk wanda ya zo da mugun nufi ya iso yana haki. Ina shi ina sanin cewa bayan shekara 800 da ɗoriya za a kawo masa wata tsohuwa daga Rafindaɗi mai ciwon gwiwa? Rigimata da wani ejan tafiye-tafiye ne a nan cikin Katsina, wanda ya karɓi kuɗina, ya dubi tsabar idona, ya shirga mini ƙarya.

Asibiti ya kai mu Masar. Inna ta shekara uku tana fama da gwiwoyi, har ruku'u ya fara gagararta, muka haɗa kuɗi ni da ƙannena aka ce ni zan raka ta. Ejan ɗin ya yi biza, ya yi tikiti daga Kano, ya kama masauki. Wannan duk ya yi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai da muka zo biyan kuɗi ya jawo wata takarda mai hotuna ya ce, "Alhaji, a ƙara dala 80 a kan kowane mutum, ranar ƙarshe a zagaya da Hajiya ta ga gari. Akwai Ƙal'ar Salahuddin, daga can ana hango har dalar Giza."

Na tambaye shi, wallahi sau biyu na tambaye shi, ko akwai tafiyar ƙasa. Ya ce babu ko taku goma, mota har ƙofar masallacin da ke cikin Ƙal'ar, kuma ya riga ya sa an tanadi keken marasa lafiya. Har da dafa ƙirji.

To, likita ya yi wa Inna allura a gwiwa biyu, ya ce ta lallaɓa su, ban da matakala, ban da doguwar tafiya. Kwana huɗu bayan nan, a tsakiyar watan Yuli, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na rana, wata ƙaramar bas ta sauke mu a bakin ƙofar shiga, direban ya nuna agogo ya ce wani abu da Larabci, ya ja motarsa. Na waiwaya ina neman keke. Yaron da aka haɗa mu da shi, ɗalibi ne ɗan ƙasarmu da ke tafinta don ya samu na abinci, ya ce shi ba wanda ya yi masa maganar keke. Ko sunan Inna ba a ba shi ba, lambar wayata kawai aka tura masa da daddare.

Ƙofa kam an kai mu ƙofa. Sai dai tsakanin wannan ƙofar da masallacin da aka nuna mana a hoto, hawa ne a kan daɓen dutse, ka sha kwana ka ɗauka ka iso, ka tarar da wani tudun yana jiranka. Rana ta gasa duwatsun har zafin yana ratsa takalmi. Mu mutanen Katsina ina muka san irin wannan? Gari ne shimfiɗe kamar tabarma. Abu mafi tsawo da na taɓa hawa da ƙafata shi ne hasumiyar Gobarau, ita ma muna 'yan makaranta ne, kuma tsawonta duka bai wuce ƙafa 50 ba.

Na ce, "Inna, mu koma." Ta ce a'a, an riga an biya kuɗin mutane. Kun dai san iyayenmu, ba za ta taɓa buɗe baki ta ce wa ɗanta na fari tana jin ciwo ba. Sai dai na ji hannunta yana ƙara nauyi a kafaɗata, ta yi taku kamar ashirin ta tsaya kamar mai kallon gini, bakinta yana motsi da salati. Ruwan da muka riƙo ya ƙare tun ba mu yi rabi ba. Turawa suna wuce mu da takalman gudu da hulunan rana, su an faɗa musu abin da za su tarar. Mu kuwa Inna silifas ne a ƙafarta, ga hijabi har ƙasa.

Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya riƙe ɗaya hannun yana ta ba da tarihi don ya ɗauke mata hankali. Cewa daga nan aka mulki Masar kusan shekara 700, kafin Khidiwi Isma'il ya mayar da fada Abidin. Cewa akwai rijiyar da aka fafe cikin dutse tun zamanin Salahuddin, zurfinta ya kusa mita 90, ana ce mata rijiyar Yusuf. Inna ta ce, "To ai ta fi Kusugu," ta yi 'yar dariya, ni kuwa raina ya gama ɓaci. Da ya zo kan labarin yadda Muhammad Ali, mai mulkin Masar a lokacin, ya gayyato manyan mayaƙan Mamluk biki a 1811 ya sa aka rutsa su a wani siririn lungu mai gangara aka karkashe, na ce masa ya bar labarin nan haka, mu ma gayyato mu aka yi.

Mun isa. Masallacin Muhammad Ali abin kallo ne, wanda ya ce ba haka ba bai gani ba ne: ƙubbobi, marmara, hasumiyoyi biyu sirara da suka haura mita 80, ginin da aka fara tun 1830. Inna ta zauna a kan darduma ta miƙe ƙafafu, ba ta sake tashi ba sai da lokacin komawa ya yi. Dalar Giza kuwa ƙura da hayaƙi sun rufe ta ranar. Dalar da na gani dai ita ce wadda ta fita daga aljihuna.

Saukowa ta fi hawan azaba, duk mai ciwon gwiwa ya san wannan. A daren gwiwar hagu ta kumbura kamar ƙwarya. A keken filin jirgi aka tura ta har cikin jirgi, matar da kwana biyu kafin nan ta taka da ƙafarta zuwa kantin magani tana murna.

Da muka dawo na je ofishinsa da rasit a hannu. Ya tare ni da fara'a, "Alhaji an dawo lafiya? Ya jikin Hajiya?" Na zayyana masa komai. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne wai ai motsa jiki yana da amfani ga tsofaffi. Na tambaye shi ko ya taɓa taka wurin da ƙafarsa. Ya yi shiru, ya kama gyara takardun kan tebur. Bai taɓa zuwa Masar ba ma gaba ɗaya! Hoto ya ciro a intanet ya buga, ya ɗora farashi, ya rantse a kan abin da bai sani ba. Da ya ce mini, "Alhaji ban sani ba, bari in tambaya," da ko dai mun haƙura da yawon, ko mun nemi keke da kuɗinmu, ko mun je da sassafe kafin rana ta buɗe. Wannan kalma ɗaya ta gagare shi saboda dala 160.

Sai aka shiga abin da aka saba. Maƙwabcin shagonsa ya leƙo, a yi haƙuri. Wani dattijo da ya zo karɓar fasfo, a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara na yarda da ita, amma ba ƙaddara ce ta dafa ƙirji ta ce akwai keke ba. Kuma mutanen da ke bin layi a ofishin nan yawancinsu marasa lafiya ne da 'ya'yansu, wasu sun sayar da gona, wasu fili, kuma takardar nan mai hotuna tana nan a kan teburinsa, na gan ta da idona.

Inna yanzu a kan kujera take sallah. Ta ce in bar shi da Allah, kada in ja mata magana a gari. Na ce mata to. Amma rasit ɗin yana aljihun rigata, kuma ya ce in dawo ranar Litinin wai zai yi magana da mutanensa na Alƙahira. Ƙarfe tara zai same ni a kan bencinsa.