Mai yi wa giyar kekena dariya, mu haɗu a gindin Alpe d'Huez

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana cina, yau dai sai na amayar da ita. Kwanan baya wani abokin hawan keke ya dubi faifan giyar bayan kekena mai haƙora 34, babban faifan da ke sauƙaƙa juya feda a hawan tudu, ya kwashe da dariya, wai faranti na ɗaura, wai wannan ai giyar tsofaffi ce. Ban tanka masa ba. Amma duk mai irin wannan tunani, ina so ya zauna in ba shi labarin zagayen Marmotte da ke tsaunukan Alps na ƙasar Faransa, inda na ga ƙarti masu ƙwanji suna tura keke da ƙafa.

Zagayen ya kai kimanin kilomita 174, kuma idan aka haɗa duk hawan da ke cikinsa ya kusa mita 5,000. Daga garin Bourg-d'Oisans ake tashi, a hau tsaunin Glandon, a gangara kwarin Maurienne, a hau Télégraphe, a ɗora da Galibier, a gangaro ta Lautaret a dawo inda aka tashi, sannan a rufe da hawan tsaunin Alpe d'Huez. Tun 1982 ake gasar 'yan sha'awa ta Marmotte, amma titi ne na kowa, da rani kana iya ɗaukar kekenka ka bi ba tare da jiran ranar gasa ba.

A ganina, tun a Glandon mafi yawan mutane suke kashe kansu, ba su sani ba. Da sanyin safiya ake hawansa, jiki da ƙarfi, ciki cike, ga mutane suna wuce ka fuu. Zuciya sai ta ce maka, kai ma ai ba rago ba ne. Ka danna feda, ka isa ƙololuwa a mita 1,924 kana jin kanka sarki. Abin da ka manta shi ne, sukarin da tsoka ke adanawa yana da iyaka, kuma gwargwadon yadda ka matsa, gwargwadon saurin ƙonewarsa. Ba a nan za ka ji a jikinka ba. Bashi ne ka ci, kuma mai bin bashin yana zaune yana jiranka a gaba, bayan awa shida ko bakwai.

Gangaren Glandon kuwa ba abin wasa ba ne. Titin siriri ne, kwanoninsa na sama a matse suke, har ta kai masu shirya gasar sun daina ƙirga lokacin wannan gangare saboda haɗurra. Ni wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Idan su da suka shirya tsere sun ce kada a yi tsere a nan, kai wa kake son burgewa? Ka kama birki kafin ka shiga kwana, ka saki idan ka miƙe. Riƙe birki tun daga sama har ƙasa yana sa shi ya yi zafi, yatsu kuma su ƙage.

Kwarin Maurienne ba shi da wani abin faɗi, sama da kilomita 20 ne na titi mai kama da shimfiɗe alhali hawa yake a hankali. Ka laɓe bayan ayari, ka ci abinci, ka sha ruwa. Shi ke nan.

To, daga Saint-Michel-de-Maurienne ne magana take fara tsami. Télégraphe kusan kilomita 12 ne, tsayuwar hawansa wajen kashi 7 cikin 100, wato duk mita 100 da ka yi gaba ka ƙara mita 7 sama. Ka kai mita 1,566, ka ɗan gangara zuwa Valloire, kafin ƙafa ta huce sai ga Galibier, wajen kilomita 18. Su biyun kamar wa da ƙane suke, ƙanen ya tausa ka, wan ya ƙarasa. Idan ka wuce Plan Lachat babu sauran bishiya, sai duwatsu da iska, titi ya miƙe tsaye, ƙololuwa tana mita 2,642. A wannan tsayi iskar da kake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu idan aka kwatanta da bakin teku, don haka ƙarfin da kake taƙama da shi a ƙasa ba dukansa ne zai biyo ka sama ba. Nan ne farantina ya yi mini rana. Ina zaune a kan sirdi, ƙafa tana juyawa sannu sannu, masu giya mai nauyi kuwa suna tsaye suna lilo da keke hagu da dama kamar masu daka.

Wani zai ce ai mutanen da suka fara haye Galibier a gasar Tour de France a 1911 ba su da wannan gata, keke mai nauyi suka hau, titi babu kwalta. Gaskiya ne, kuma ina girmama su. Sai dai su abin da ke hannunsu suka yi amfani da shi. Da an miƙa wa Émile Georget giya irin tawa a ranar da ya riga kowa isa sama, ba na jin zai ce a mayar don kada a ce masa tsoho.

Wani abin da ake raina shi ne rigar tare iska. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Ka bar kwari kana gumi, ka isa Galibier jiƙe sharkaf, sannan ka fuskanci gangaren da ya haura kilomita 40. Na ga wani yana karkarwa har kan kekensa yana rawa, duk don ya ƙi ɗaukar rigar da ba ta fi dunƙulen hannu ba. Ga ramukan da aka huda cikin dutse a hanyar La Grave, masu duhu, da motoci a ciki. Ƙaramar fitilar baya ba ta da nauyin da zai hana ka hawa.

Sai Alpe d'Huez. Kilomita 13.8, kwanar titi 21, kowace da lambarta, ana ƙirgawa daga 21 zuwa 1. Fausto Coppi ne ya fara cin matakin Tour a nan a 1952, Marco Pantani kuma ya haye shi cikin ƙasa da minti 38 a 1997. Ka ajiye waɗannan sunaye a gefe, ba da su kake yi ba. Kai ka zo da kilomita 160 a ƙafa, rana ta take, dutsen gefen titi yana mayar maka da zafi, kuma kwanonin farko har zuwa La Garde su ne mafi tsayuwa, suna haura kashi 10. A nan mai bin bashin Glandon yake miƙewa tsaye. Wanda ya ƙi cin abinci tun safe don "bai ji yunwa ba" a nan idonsa ke rufewa. Masana suna ba da shawarar gram 60 zuwa 90 na sukari ko sitaci daga abinci a kowace awa a irin wannan doguwar tafiya, kuma ba a rama wanda aka tsallake, ciki ba zai karɓa ba.

Ba ina cewa mai ƙarfi ya ɓoye ƙarfinsa ba ne. In kana iya juya giya mai nauyi har sama, Allah Ya ƙara lafiya. Abin da ba na so shi ne a sa sabon shiga ya ji kunyar kayan da za su kai shi gida lafiya. Ni na fi awa 10 a kan hanya ranar nan, na tsaya sau biyu a Alpe d'Huez na zuba ruwa a ka. A kwana ta 16 na wuce wani saurayi da ya wuce ni da safe kamar walƙiya, yana zaune a kan katangar gefen titi, ya cire takalmi, hular kwano a cinya. Ya ɗaga kai ya bi giyata da kallo, na miƙa masa ayabar da ta rage mini a aljihu, na ci gaba da juya feda.