A Daina Raina Littattafan Da Ke Hana Barci

Idan matashi ya tambayi na gaba da shi wane littafi ya kamata ya karanta, amsar da ya fi samu ba ta wuce iri biyu. Ko dai a jero masa sunaye ashirin babu bayanin ko ɗaya, ko kuma a ɗora masa wani ƙaton littafin koyon arziki da shugabanci wanda shi kansa mai ba da shawarar bai kai ƙarshensa ba. In kuwa yaron ya ce shi labarin 'yan leƙen asiri yake so, ko na masu keta sararin samaniya, sai a taɓe baki a ce ai ya wuce shekarun tatsuniya. Wannan rainin ya jawo mana asarar masu karatu da yawa, shi ya sa nake son in tsaya wa irin waɗannan littattafai, in kuma faɗi waɗanda nake miƙa wa mutane da dalilin miƙa su.

Hujjata ita ce, mutum ba ya neman amsar tambayar da bai taɓa yi wa kansa ba. Ƙagaggen labari mai kyau tambaya yake dasawa a zuciya, littafin tarihi ko na bincike kuma shi ke amsa ta. Don haka in an nemi shawarata, biyu nake haɗawa, ɗaya ƙage ɗaya gaskiya, in ce a fara da na ƙagen.

Daga gida ya kamata a soma. A 1982 aka buga wasu littattafan Hausa da suka fito daga gasar rubutu ta gwamnatin tarayya, kuma biyu daga cikinsu har yau suna riƙe numfashin mai karatu. Na farko shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin mai nauyi ce: yaƙin basasa ya ƙare a 1970, to ina makaman suka tafi, ina kuma mutanen da aka koya wa kisa suka nufa? Mailoma, wanda labarin ke bi, tsohon soja ne da ya tara makamai da mabiya, ya mai da ta'addanci da fataucin kayan maye sana'a. Lokacin da littafin ya fito, mai karatu zai iya ɗauka marubucin ya zuzuta. Wanda ya karanta shi yau a Katsina ko Zamfara ko Birnin Gwari ba zai ce haka ba. Littafi ne mai zafi, akwai zubar da jini a ciki, ba na ba wa yaro ƙarami shi. Amma baligin da ke cewa Hausa ba ta iya ɗaukar labarin tashin hankali irin na Turawa, wannan nake fara miƙa masa.

Na biyun shi ne Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin fasa-ƙwauri da yadda kuɗi ke sayen waɗanda aka ɗora wa tsaron iyaka da doka. Wanda ya gama shi ya wuce kai tsaye zuwa The Looting Machine na Tom Burgis, wanda ya fito a 2015 lokacin yana ɗan jaridar Financial Times. Littafin ya zagaya ƙasashen Afirka da dama masu arzikin ƙasa, amma akwai babin da ya tsaya a kanmu: yadda atamfar Sin ke shigowa ta kan iyakar Nijar, da yadda hakan ya taimaka wajen durƙusar da masaƙun Kaduna. An kafa Kaduna Textiles tun 1957, unguwar Kakuri kuma ta rayu shekaru da albashin ma'aikatan masaƙu, manoman auduga na Funtuwa da kewaye suna da inda za su kai amfaninsu. Marubucin Katsina ya nuna mana fuskar mai fasa-ƙwaurin da irin gidan da yake kwana. Ɗan jaridar ya zo bayan shekara talatin da wani abu ya ƙidaya abin da aka rasa. Wanda ya karanta su a jere ba zai sake kallon rufaffiyar masana'anta a matsayin tsautsayi kawai ba.

Cikin littattafan waje, wanda ya fi kusa da mu shi ne The Constant Gardener na John le Carré, marubucin Ingila wanda shi kansa ya yi aikin leƙen asiri kafin ya koma ga alƙalami. A 2001 ya fito. An kashe matar wani jami'in ofishin jakadancin Birtaniya a Kenya, mijin kuma, mutum mai sanyin hali wanda babu ruwansa da komai sai furanninsa, ya shiga bin sawun dalilin kisan har ya gano tana binciken wani kamfanin magani da ke gwada maganin tarin fuka a kan talakawa. Bakano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. An daɗe ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin bai amsa laifi ba, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna da aka yi a Kano a 2003 zuwa 2004.

Saboda wannan tarihin ne ba na yarda in ba da littafin le Carré shi kaɗai. Mai karatun da ya rufe shi da fushi zai iya cewa duk maganin Bature makirci ne, wannan kuwa kuskure ne da ke kashe yara. Abokin tafiyarsa shi ne The Immortal Life of Henrietta Lacks na Rebecca Skloot, na 2010, wanda babu ƙage a cikinsa. Henrietta Lacks baƙar fata ce 'yar Amurka da ta rasu a 1951 da ciwon daji na bakin mahaifa. A asibitin Johns Hopkins aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikinta ba da saninta ba, suka ci gaba da rayuwa da hayayyafa a ɗakunan gwaji, aka yi ta amfani da su a binciken likitanci a duniya, har da gwajin rigakafin shan inna. Iyalinta ba su san da maganar ba sai bayan shekara ashirin da ɗoriya. Littafin yana tilasta wa mutum ya riƙe gaskiya biyu a lokaci guda: an zalunci matar nan, kuma ilimin da aka samu ya ceci rayukan da ba su ƙidayuwa. Wanda ya iya riƙe su biyun zai kai ɗansa rigakafi, zai kuma tambayi likita me za a ɗura masa da dalili, ba tare da jin kunya ba.

Masu son saurin labari zalla su nemi The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, na 1971, kan wani ɗan ina-da-kisa da aka yi hayarsa ya harbe shugaban Faransa Charles de Gaulle. Kowa ya san ba a kashe de Gaulle ba, amma duk da haka sai ka kasa ajiye littafin, nan gwanintar take. Forsyth ya yi aikin jarida a ɓangaren Biyafara kuma bai ɓoye goyon bayansa gare su ba, don haka in ana son sanin yadda ake ƙulla juyin mulki na gaske a ƙasar nan, gara a koma ga Oil, Politics and Violence na Max Siollun, wanda ya bi diddigin abin da ya faru daga daren 15 ga Janairun 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa zuwa kisan Murtala a 13 ga Fabrairun 1976.

Ƙagaggun labaran kimiyya su suka fi shan suka a wurinmu. Wasu na ganin maganar halittun wasu duniyoyi wasa ne da imani. Ina girmama wannan damuwar, amma ban yarda da ita ba. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja bai fita neman ruwan ba, ya san labari ne. Kuma Abubakar Imam ɗin da ya rubuta shi, shi ne suka haɗu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, suna bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausa don mai karatu ya ƙara sanin girman Mahalicci. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙon halitta ya ɗauki yaro ya zagaya da shi sararin samaniya. Ɗan ƙaramin littafi ne, yaron firamare zai iya gama shi, kuma ya isa shaida cewa wannan fanni ba baƙonmu ba ne. Mu ne muka yi sakaci muka bar shi.

Babban da nake ba manya shi ne Dune na Frank Herbert, na 1965. Duniya ce ta rairayi zalla, inda ruwa ya fi zinariya daraja, mutane na sa tufafin da ke tace guminsu su sake sha, manyan dauloli kuma na yaƙi a kan wani sinadari da babu shi ko'ina sai a ƙasar waɗannan talakawan hamada. Mutumin Agadas ko Gaidam ko bakin Tafkin Chadi, wanda ruwansa ya ja baya ƙwarai tun daga shekarun 1960, zai fahimci wannan labari fiye da yadda ɗan Landan zai fahimce shi. Sai dai ina yin gargaɗi kafin in miƙa: Herbert ya ari kalmomin Larabci da na Musulunci, har da Mahadi da jihadi, ya yi amfani da su yadda ya ga dama. Ba addininmu yake bayyanawa ba, kada a karanta shi da wannan zato. Abin da yake nunawa shi ne haɗarin da ke tattare da jama'ar da wahala ta kai su bango suka miƙa wuyansu kacokan ga mutum ɗaya mai kwarjini. Arewa ta ga irin wannan da idonta, daga rikicin Maitatsine na 1980 zuwa abin da ya taso daga Maiduguri. Wanda kuma Dune ya sa shi tunanin fari da yunwa, akwai Silent Violence na Michael Watts, na 1983, wanda aka gina a kan bincike a ƙauyukan ƙasar Katsina, yana nuna cewa yunwa ba daga rashin ruwan sama kaɗai take zuwa ba, har da haraji da bashi da farashin hatsi. Littafi ne na jami'a mai nauyin harshe, a bi shi sannu, ko da babi ɗaya ne a wata.

'Yan Najeriya ma sun yi nisa a fannin. Nnedi Okorafor ta sauke baƙin halittu a Legas cikin Lagoon, ta kuma kafa The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070. Rosewater na Tade Thompson ya ci lambar Arthur C. Clarke ta ƙagaggun labaran kimiyya a 2019. Wannan na ƙarshen na manya ne, akwai wuraren da ba su dace da yara ba.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa duk abin da na faɗa ita ce yawancin littattafan nan da Turanci suke, kuma da tsada. Gaskiya ne. Ga wanda Hausa kaɗai yake karantawa, ga haɗin da ba na shakkarsa: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace da uwar da ta keta hamada tana nemansa, sannan Labarin Baba, wato rayuwar Baba ta Karo kamar yadda ta ba Mary Smith da bakinta a 1949 zuwa 1950. Da Turanci aka fara buga shi a 1954, daga baya aka fitar da asalin Hausarsa. Tsohuwar ta ga zamanin harin bayi da zuwan Turawa, ta yi maganar aure da kishi da ƙawance ba tare da kwana-kwana ba. Abin da Tafawa Ɓalewa ya ƙaga, ita a gabanta aka yi shi.

Amma wannan bai rufe giɓin ba. Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin Animal Farm na George Orwell zuwa Gandun Dabbobi tun 1975, ya zauna daram a Hausa har aka karanta shi a makarantu. Babu abin da zai hana a yi wa le Carré ko Skloot irin wannan aikin sai rashin mai ɗaukar nauyin fassara da sayen izini. Su kansu namu na gida neman su ya zama aiki: sai ka zagaya shagunan littattafai na Sabon Gari a Kano ko na Zariya kafin ka dace da Ƙarshen Alewa Ƙasa ko Tauraruwa Mai Wutsiya, abin da ke yawo a wayoyi kuwa hotunan shafuka ne da marubuci ko magadansa ba sa samun ko sisi a kai. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda yawancin tsofaffin littattafan nan suka fito ta hannunsa, ya kamata ya sake buga su da araha, ya kuma sayar da su ta waya yadda matasan marubutan Hausa ke sayar da nasu a yau. Masu shirya gasar rubutu kuma su ware rukuni na musamman ga labaran bincike da na kimiyya, da kyauta mai tsoka da alƙawarin bugawa, domin ta wannan hanyar aka samu Ruwan Bagaja a gasar 1933, ta ita kuma aka samu Turmin Danya.