Kocin da ta fara da wankin riguna

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka gama makaranta kuka zauna jiran aikin da ya dace da girmanku, ku ba ni aron hankalinku.

A shekarar 1974 Jami'ar Tennessee da ke Amurka ta damƙa ragamar ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a hannun wata budurwa 'yar shekara 22 mai suna Pat Head, wadda daga baya duniya ta san ta da Pat Summitt. Sunan muƙamin dai koci, amma albashin dala 250 ne a wata, kuma ita ce mai wanke rigunan da 'yan wasa suka jiƙa da gumi, ita ce kuma direbar da ke tuƙa su zuwa wasa a wasu garuruwa. Da ɗayanku ne aka ba wa wannan aiki, na tabbata kafin sati ya zagayo ya ce an raina masa hankali.

Ita kuwa wahala ba baƙuwarta ba ce, domin a gonar shanun madara ta tashi, kuma sai da mahaifinta ya kwashe iyalinsa zuwa garin Henrietta kafin ta samu makarantar da ke da ƙungiyar 'yan mata. A shekararta ta ƙarshe ta karatu a reshen Jami'ar Tennessee da ke garin Martin jijiyar gwiwarta ta tsinke, amma ba ta ajiye ƙwallo ba. Tana koyar da wasu tana jinyar ƙafa tana atisaye, har ta shiga tawagar ƙasarta ta ciyo lambar azurfa a gasar Olamfik ta Montreal a 1976.

Abin da nake so ku tsaya a kansa shi ne lissafin shekaru. Kofin ƙasa na farko bai shigo hannunta ba sai 1987, wato shekara 13 tana kai gwauro tana kai mari, tana isa bakin gaci ana doke ta. Mu yanzu kofuna 8 da wasanni 1,098 da ta ci muke ambato, mun manta da waɗancan shekarun, alhali ku wata shida kuke yi a wurin koyon sana'a ku fara zancen buɗe naku shagon.

Ku kuma masu fakewa da ƙwallo kuna gudun aji, da a hannunta kuke da kun ji jiki. Dokarta ita ce 'yar wasa ta zauna a layuka uku na gaba a aji, wadda ta yi fashin darasi kuma ba za ta taka fili ba, kome gwanintarta. Shi ya sa duk wadda ta kammala shekarunta na wasa a ƙarƙashinta ta fita da digiri.

Ko da likitoci suka shaida mata a 2011 cewa cutar mantuwa ta kama ta, sai da ta ƙarasa kakar wasan tare da 'yan matanta kafin ta sauka a 2012, bayan shekara 38 a wuri ɗaya. Ta rasu a 2016 tana da shekara 64.