Shaidarka tana kai mutum wurin wa?

'Yan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku.

Kaka ta yi. A majami'unmu na karkara, daga Sumaila har Roni, lokacin ba da shaida ke nan: wani dawarsa ta cika rumbu, wata ɗanta ya tashi daga zazzaɓi, wani riɗinsa ya yi kuɗi a kasuwar Maigatari. Madalla. Yesu da kansa ya ce wa mutumin da ya fitar wa aljannu ya koma gida ya faɗa wa danginsa abin da Ubangiji ya yi masa (Markus 5:19).

Amma ɗauki wannan shaidar ka kai wa maƙwabcinka da ba ya bin Yesu. Ka ce masa, "Tun da na karɓi Ubangiji gonata ba ta taɓa ƙi ba." Sai ya buɗe maka nasa rumbun, ya fi naka cika. To, me ya rage a bakinka? Ai Matiyu 5:45 ya riga ya gaya mana, ruwan sama ba ya tambayar gonar wa ce. Ga kuma gwauruwa a bencin baya, ta yi addu'a ta yi azumi, maigidan ya rasu. In bishararmu dami ce da lafiyar jiki kawai, mun gaya mata Allah ya tsallake ƙofarta ke nan. Ita Habakuk 3:17-18 take bukatar ji, annabin da ya ce ko gonaki sun ƙi, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Allah mai cetonsa.

Ku duba Basamariyar nan a Yohanna 4. Ta bar tulunta a bakin rijiya, ta ruga gari tana cewa a zo a ga mutumin da ya faɗa mata duk abin da ta taɓa yi. Ba ta ƙawata labarin ba, ba ta kuma tsayar da mutane a kanta ba, wurin Yesu ta tura su. Ya kwana biyu a garin. Daga baya suka ce mata yanzu ba don maganarta suka ba da gaskiya ba, sun ji da kunnensu.

Akwai kuma masu jifan mutane da ayoyi, ko gaisuwar kirki babu, alhali an san halinsu wajen bashi da rikicin iyakar gona. Su karanta 1 Bitrus 3:15-16, amsa da tawali'u da ladabi aka ce.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. In ka gama naka labarin a gindin bishiya, buɗe Ishaya 53, nassin da Filibus mai bishara ya bayyana wa mutumin Habasha. In ba ka iya karatu ba, kira ɗanka ɗan makaranta ya karanta, ko ka kunna na sauraro a waya.