Yadda Na Ƙaryata Mai Kyautar Nobel, Na Kuma Kashe Rana a Mako Guda

Ƙarfe biyu na dare, a taku na huɗu kacal, kwamfuta ta tsaya cak ta rubuto mini kalma uku: Bad FENE bond. Ƙwayoyi 32,000 na zuba mata, ko daƙiƙa guda ba su yi a raye ba.

Abin da nake son gani ba wani baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa ɗaga ludayi daga miyar kuɓewa ya ga yauƙi ya biyo shi, to ya san maganar. Dogayen sarƙoƙi ne 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ake kira folima, suka cukuikuye juna, kamar dai yadda suke yi a narkakkiyar roba. A 1971 wani Bafaranshe, Pierre-Gilles de Gennes, ya ce sarƙar da ke cikin irin wannan cunkoso ba ta da ikon matsawa gefe, sai dai ta sulale ta tsawonta kamar maciji a rami. A 1991 aka ba shi kyautar Nobel. Ni kuwa so nake in ga macijin da idona, a kan kwamfutar cinya mai ƙwaƙwalwa huɗu.

Tsarin da kowa ke amfani da shi na Kurt Kremer da Gary Grest ne, na 1990, kuma a sauƙaƙe carbi ne. Kowace sarƙa jerin ƙwayoyi ce. Idan tazarar ƙwaya biyu ta gaza 1.12 na faɗin ƙwaya, sai su ture juna. Igiyar da ke haɗa ƙwaya da 'yar'uwarta ita ake kira FENE, ƙarfinta 30, iyakar miƙewarta 1.5. Cunkoso 0.85, zafi 1.0, takun lokaci, wato ɗan lokacin da lissafi ke matsawa gaba kowane karo, 0.01, duk a ma'aunin tsarin. Na haɗa carbi 64, kowanne ƙwaya 500, a akwati mai faɗin 33.5 ta kowane ɓangare, na miƙa wa LAMMPS, manhajar nan ta kyauta da ta fito daga ɗakin binciken Sandia na Amurka.

Laifin farko nawa ne, kuma kowane sabon shiga sai ya ɗanɗana shi. Na shimfiɗa sarƙoƙin da ka, kowace ƙwaya inda caca ta jefa ta, don haka wasu suka hau ruwan cikin wasu. Ƙarfin turin nan kuwa ba ya wasa, domin makamashinsa yana tafiya da ɗaya bisa tazara an ninka ta da kanta sau 12. Ƙwaya biyu da ke da tazarar 0.3 suna riƙe da makamashi wajen miliyan bakwai da rabi, a wurin da makamashin zafi bai wuce ɗaya ba. Taku ɗaya, ƙwaya ta yi fitar burgu, igiya ta zarce iyakarta, lissafin ya nemi logaridim na lambar da ta gaza sifili, manhaja ta ce ba da ita ba.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce in rage taku zuwa 0.0001. Kafin in danna sai na ɗauki biro. Ina buƙatar tsawon lokaci 100,000 a ma'aunin tsarin. Da takun 0.01 taku miliyan goma ke nan, kuma kwamfutata tana yin wajen 200 a daƙiƙa, wato awa 14. Da sabon takun kuwa taku biliyan ɗaya, kwana 58. Na ajiye biron.

Dabara ta biyu ita ce ta ja mini. Na ce ai tunda igiya ce ke tsinkewa, bari in sassauta mata. Na mayar da ƙarfinta 3, iyakarta 3. Ta sake fashewa, illa dai wannan karon ta canza ƙorafi, ta ce ta nemi ƙwayoyin da igiya ke riƙe da su ta rasa.

Sai da gari ya waye na yi abin da ya kamata tun farko. Ana fara cire turin gaske, a sa mai laushi da pair_style soft, wanda ko ƙwaya biyu sun hau kan juna gaba ɗaya makamashinsa yana da iyaka. A ɗaga ƙarfinsa sannu a hankali daga sifili, ni na kai shi 100 cikin taku 20,000, yadda ƙwayoyin za su matsa wa juna kamar fasinjoji a motar haya, ba tare da an yi dambe ba. Bayan nan a dawo da turin gaske, a ɗaure shi da fix nve/limit 0.05 na ɗan lokaci, don kada wata ƙwaya ta yi tsallen da ya wuce haka a taku guda. Kada kuma a manta da layin special_bonds fene. In babu shi, ƙwaya ba za ta ji ta biyu da ta uku da ke bayanta a sarƙa ba, carbin ya riƙa naɗewa cikin kansa. Da na gama, zafi ya zauna a 1.0 daram, babu gargaɗi ko ɗaya.

Na ɗora kwamfutar a kan gwangwanayen madara huɗu don iska ta shiga ta ƙasa, na juya mata fanka, ni na zauna cikin zufar watan Afrilu. A awa na 11 aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar minti 40 yake yi in ya ji daɗi. A nan na tuna ban rubuta layin restart ba, wanda zai riƙa ajiye halin da ake ciki duk bayan taku 100,000. Sauri ya haifi nawa. Washegari na sayi man janareta na sake daga fari.

Shaidar macijin a zane take fitowa. Ana auna nisan da ƙwayoyin tsakiyar sarƙa suka yi, a ninka shi da kansa, a zana shi da lokaci a ma'aunin logaridim. Da farko layin yana hawa da rabi, wato in lokaci ya ninka sau huɗu, lambar ta ninka sau biyu. Da zarar sarƙa ta fara jin bangon raminta, hawan ya kwanta zuwa wajen kwata. A wannan tsari ana samun cukuikuya ɗaya a kowace ƙwaya 85 ko kusa da haka, don haka sarƙa mai 500 dole ta nuna. Nawa layin ya kama rabi ya riƙe, ko waiwayen kwata bai yi ba.

Mai hankali zai zargi kansa. Ni de Gennes na zarga. Na buga zanen a takarda mai kala, na sa babbar riga, na nufi ofishin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ina ga akwai gyara a maganar de Gennes."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Madalla. Buɗe mini fayil ɗin, Malam."

Bai ko kalli zanen ba. Ya gangara da yatsa, ya tsaya a layi ɗaya. "Karanta mini wannan, da ƙarfi."

"bond_coeff 1 3.0 3.0 1.0 1.0."

Ina kaiwa 3.0 ta biyu murya ta ƙi fita. Sassaucin da na yi daren farko yana nan, ban mayar ba. An zaɓi 30 da 1.5 ne musamman don kada ratar da ke tsakanin ƙwaya biyu ta buɗe har wata sarƙa ta ratsa. Ni na bar ƙofa a hangame, sarƙoƙina suna wuce juna kamar fatalwa.

"Macijin naka fili ka ba shi, ba rami ba," in ji Farfesa. Ya miƙo mini takardata. "Ajiye, bayanta fari ne, za ta yi lissafi."

Na gyara, na sake kunnawa, na ce kafin awa 14 su cika bari in huta da abin da ba ya yauƙi. Akwai darasin taurari da zan koyar, ina son in nuna wa ɗalibai rayuwar Rana. Manhajar wannan aiki MESA ce, wadda Bill Paxton ya assasa a Santa Barbara ta Amurka, takardar farko a kanta ta fito a 2011. Ita tauraro take yankawa ɓawo-ɓawo kamar albasa, ta daidaita nauyi da matsi da zafi da makamashi a kowane ɓawo, sannan ta matsa gaba a lokaci. Ana kwafo jakar aiki, a gyara fayil ɗin inlist_project, a buga ./mk sannan ./rn. Na mayar da stop_near_zams zuwa .false. don kada ta tsaya tun tauraron yana jariri, na bar sharaɗin ta tsaya idan haidurojin na tsakiya ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin dubu.

An gudu ba a tsira ba. Da farko ma na ba MESA ƙwaƙwalwa huɗu ta OMP_NUM_THREADS alhali LAMMPS tana zaune a kan huɗun, suka yi ta kokawa, kowacce tana rarrafe, gwangwanayen madara suka ɗau zafi. Na raba musu biyu-biyu.

Da ta gama na duba shekarun. Ranata ta cinye manta a shekara miliyan 12 da 'yan kai. Ta gaskiya kuwa shekararta biliyan 4.57, kuma sai ta kai wajen biliyan goma haidurojin na cikinta zai ƙare. Zafin fuskar tawa wajen 30,000 a ma'aunin Kelbin, maimakon 5,772. Haskenta ya ninka na Rana sau dubbai. Wannan karon ban nemi babbar riga ba, na koma fayil. Jakar gwaji da ke zuwa da manhajar initial_mass = 15 ke cikinta, tauraro mai nauyin Rana 15. Lambar tana ta fitowa a allo a ƙarƙashin Mass tun daga farko har ƙarshe, ina kallonta ina shan shayi.

Lissafin ma bai yi ƙarya ba. Man tauraron ninki 15 ne na Rana, amma ƙonawa ninki 20,000 tun ranar farko, saboda a irin wannan zafi hanyar CNO ce ke aiki, wato ƙona haidurojin da taimakon kabon da naitirojin da oksijin, wadda ɗan ƙarin zafi kaɗan ke haukata ta. Babban tauraro ɗan gado ne, da wuri yake ganin bayan dukiya.

Ko da na mayar da nauyin 1.0 na sa max_age = 4.57d9, ba ta fito Rana sak ba, kuma wannan ba kuskure ba ne. Sai an yi saiti. Yawan hiliyom na farko, wajen 0.27, shi ke gyara haske. Shi kuma mixing_length_alpha, wajen 2, shi ke gyara girma. A taɓa wannan, a gudanar, a taɓa wancan, har haske da girma su zo daidai da na Rana. Aka sake ɗauke wuta a tsakiya, amma ita MESA tana ajiye hotunan halinta a jakar photos ba sai an roƙe ta ba, ./re kawai na buga ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Carbin ya kammala ranar Alhamis. Layin ya hau da rabi, ya zo wajen lokaci 10,000 ya fara kwanciya, ya nufi kwata. De Gennes yana nan da kyautarsa.

Yanzu kafin in danna komai sai na karanta fayil ɗin layi-layi, da murya, yatsa a kan allo. Shekaranjiya abokin ofishina ya shigo ya same ni a haka, ya koma da baya a kan sanɗa ya ja ƙofa a hankali. Da muka haɗu a wurin mai shayi ya ce in yi haƙuri, bai san ina lazimi ba.