Bodiam: gidan yaƙi ne ko gidan nuna isa?

A gundumar Sussex ta Gabas, a kudancin Ingila, akwai kangon wani katafaren gida mai ganuwar dutse da ake kira Bodiam, zaune tsakiyar tafkin da aka haƙa ya kewaye shi. Daga waje ka rantse ko dutse ɗaya bai faɗi ba. Sai ka shiga ka tarar babu rufi, babu benaye, sai wuraren hura wuta rataye a jikin bango, inda a da ɗakuna suke.

A 1385 Sarki Richard na Biyu ya ba Edward Dalyngrigge izinin ginin, da hujjar kare yankin daga abokan gaba. Tsoron kuwa na gaske ne, don Faransawa sun ƙona garin Rye, da ke gaɓar tekun yankin, a 1377. Shi kansa mai gidan a yaƙin Faransa ya tara dukiyarsa.

Amma ni ina tare da masanan da ke ganin nuna isa ya fi tsaro yawa a ginin nan. Ruwan da ke ba shi kwarjini, tudun ƙasa ne kawai ya tare shi. Maharan da suka zo da magirbi sai su fasa shi, tafkin ya tsiyaye. Masai kusan 28 na gidan kuma cikin ruwan suke zuba, abin da masu ɗaukar hoto ba su cika tunawa ba. Masu ja da wannan ra'ayi suna nuna ramukan harba bindiga a ƙofa, da gadar katako da ta lanƙwasa ta yadda mai kawo hari zai juya gefensa na dama, marar garkuwa, ga maharba. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai wannan doguwar hanya ita ce ke tilasta wa baƙo ya ƙare wa gidan kallo kafin ya kai ƙofa, abin da sabon attajiri ke so ke nan.

Cikin gidan ya rushe bayan yaƙin basasar ƙarni na 17. John Fuller ya saye shi a 1829 don kada a kwashe duwatsun, daga baya Lord Curzon ya gyara abin da ya saura, ya bar wa National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, wasiyyarsa a 1925. Bai sake tada ɗakunan da suka zube ba, kuma a nan ya yi daidai: da ya yi, da yau hasashensa ake kallo maimakon aikin maginan Dalyngrigge.